Daga Kano Zuwa Damagaram a Fijon Baba

Saƙon ya iso ranar Talata da la'asar, cewa jikin Kawu ya yi tsanani a Damagaram kuma yana ta tambayar ƙanwarsa. Inna ba ta ce uffan ba sai da ta idar da sallar magariba, sannan ta aiko a kira ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai," ta ce, "jibi nake so in kwana a Birnin Damagaram. Kuma a motar babanku zan tafi, ba na shiga ta haya."

Motar babanmu Fijo 504 ce, fara, ƙirar 1984, haɗin Kaduna. Ya saye ta da rancen mota lokacin yana malamin gona, da ya rasu ta faɗo a rabona, kuma har yau ban yi sha'awar rabuwa da ita ba. Masu shekaruna sun san darajar da wannan mota ta yi a ƙasar nan. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1975 aka fara haɗa motocin Fijo a Kakuri ta Kaduna. Baba yakan ba mu labari cewa a shekarun farko a jirgin sama ake kwaso sassan daga Liyon a sauke a filin jirgin Kano, sannan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Faransa ta daɗe da daina yin 504 amma mu muna nan muna haɗa ta, sai a 2006 aka tsaya. Shi ya sa har gobe in ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano za ka sami kayanta, sabo da na hannu, kuma da wuya ka je garin da babu dattijon da ya taɓa tura hannunsa cikin injinta.

Baba ba ya kai ta gareji sai in aikin ya shafi sauke inji ko giya. Kowace Asabar da hantsi yakan ɗaga bonet a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ni kuwa aikina miƙa sifana da riƙe tocila. Abin da ya bar mini tare da motar akwatin ƙarfe ne na kayan aiki, da wani gwangwanin madara. A cikin gwangwanin yake ajiye duk ƙaramin abin da ya cire daga jikin motar yana da sauran rai, ya naɗe shi a takarda, ya rubuta ranar da ya cire. Na ci gaba da wannan al'ada ba tare da na taɓa tsayawa na yi tunanin amfaninta ba.

Ranar Laraba na wuni ina shiri. Na juye baƙin mai na sa sabo, na canja matatarsa, na duba ruwan birki da na kuloci, na danna fambel da babban yatsa na ji yana da ɗan sassauci daidai yadda ake so. Na sayo fambel na ajiya, da tiyon lagireto, da fiyus, na kai safaya wurin mai faci aka ƙara mata iska. A hanyata ta dawowa na tsaya a wani shago na ga kwantak da kwandansa, ƙananan kayan ba inji wuta, a kwali mai ƙyalli, na ce bari in sabunta su tunda tafiya ce ta ƙetare iyaka. Na jikin motar ba su yi laifin komai ba, tashi ɗaya take yi da safe. Duk da haka na cire su na sa sababbin, na naɗe tsofaffin na jefa a gwangwani.

Ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 16 da zai raka mu, shi ke riƙe mini fitila. Na juya baya ke nan sai ya zare wayoyin fulogi huɗun gaba ɗaya don ya goge musu ƙura, ya tsaya yana kallona bai san wacce za ta koma ina ba. Ban yi masa faɗa ba, domin darasi ne da ya fi kyau a koya a ƙofar gida. Na nuna masa cewa injin nan yana ba da wuta ne a jerin 1, 3, 4, 2, kuma Faransawa daga baya suke fara ƙirga, wato lamba ɗaya ita ce ta kusa da giya, ba ta kusa da lagireto ba. Wanda ya saba da motar Japan ya ƙirga daga gaba, zai yi ta murza makulli har batir ya mutu. Muka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta tashi lafiya.

Inna ta leƙo daga zaure ta gan mu cikin dare kanmu a cikin bonet. "Ba a fafe gora ranar tafiya," ta ce, ta koma ciki. Na ce mata ƙananan abubuwa ne kawai.

Mun so fita bayan asuba, amma masu sallahu ba su bar mu ba. Wannan ta kawo turmin atamfa a kai wa matar Kawu, waccan ta kawo maganin gargajiya, wani ya kawo wasiƙa. Sai wajen ƙarfe tara muka bi ta Dawanau muka ɗauki hanyar Dambatta. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, 'yan shekaru kafin rufe iyakokin da aka yi a 2019. Tsakanin Kano da Damagaram kusan kilomita 240 ne, tafiyar da ko da tsaye-tsayen iyaka bai kamata ta kai mu la'asar ba.

Har Kazaure ba abin da na ji sai daɗin tuƙi. Wanda bai taɓa zama a kujerar 504 ba ba zai gane abin da ake nufi ba in an ce mota tana haɗiye rami. Inna tana baya da carbinta, yaron yana gaba yana kallon duwatsun Kazaure, allurar zafi tana zaune a tsakiya ba ta motsi. Muka wuce Daura ba mu tsaya ba, sai dai na nuna wa yaron kwanar da ake bi a je rijiyar Kusugu, na yi masa alkawarin a dawowa.

A Kwangwalam, bakin iyakar Najeriya da Nijar, muka tarar da layin manyan motoci, muka shiga ciki muna ja kamar hawainiya. Rana ta take tsaka. Ba mu yi minti goma ba na ga allura ta fara hawa. Na ɗan taka totur, ba ta sauka ba, sai ma ƙara matsawa take yi wajen ja. Na fita daga layi na tsaya a gefe na kashe.

Nan da nan mutane suka taru, kowa da shawararsa. Wani saurayi har ya ɗauko bokitin ruwa zai kwara wa injin, na riƙe hannunsa. Kan injin nan na alminiyom ne, in yana da zafi ka watsa masa ruwan sanyi yana iya lanƙwashewa, daga nan sai gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, tafiya ta ƙare. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi yana huci, na san mutumin da har yau tabon yana hannunsa. Na ce wa yaron mu tsaya mu yi tunani tukuna. Mun yi tafiyar fiye da awa biyu a guje ba ta yi zafi ba, sai da muka shiga layi. A guje iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa aikin fanka ne. Ke nan ba sai mun zargi famfon ruwa ko toshewar lagireto ba, fanka za mu fara dubawa.

Fankar tawa irin ta asali ce, wadda ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. Akwai ɗan makunni a jikin lagireto mai waya biyu, shi ke jin zafin ruwan ya tura wuta zuwa wani maganaɗisu da ke damƙe fankar. In makunnin ya mutu za ka ga fanka tana ɗan juyawa, ka ɗauka aiki take yi, alhali lilo kawai take ba ta jan iska. Na zare wayoyin biyu na haɗa su da guntun waya, na ce wa yaron ya murza makulli ba tare da ya tayar ba. Muka ji ƙas. Maganaɗisu lafiyarsa ƙalau, makunni ne ya gaji, shekarunsa sun kai. Na naɗe haɗin da salatif, muka jira har na iya ɗora tafin hannuna a kan tiyo, sannan na buɗe murfin da tsumma, na tayar da injin, na riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan yana aiki. Ko lita ɗaya bai sha ba. Yanzu fanka za ta yi ta juyawa babu hutu, ƙara za ta ƙaru, mai zai ɗan ƙara tafiya, amma za ta kai mu.

Wani daga cikin masu kallo ya ce da na cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da duk wannan bai faru ba. Ban yarda da wannan ba, kuma na daɗe ina musu da kanikawa a kai. Lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba da sanyin hunturu, ya yi ta shan mai yana cin jikinsa, kuma yana ɓoye ainihin ciwon ne kawai har ranar da zai fito da girmansa.

Takardu ba su ba mu wahala ba. Muka nuna katin inshorar ECOWAS, a Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, jami'an duwan, wato kwastan, suka rubuta wa motar takardar shiga, muka biya kuɗin hanya aka sauke mana igiya. Daga nan ƙasa ta fara canja kama. Duk wanda ya bi ta Matamaye ya san gonakinsu cike suke da gawo, manoma suna barin sa ya tashi a cikin gero saboda yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Itace ne mai halinsa daban, da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Baba, da yake malamin gona ne, ba ya wuce wurin nan bai yi magana a kansa ba. Inna ta ce in sauke mata gilashi. Na lura harshenta ma ya fara komawa na gida, kalmomin da ban ji a bakinta ba tun ina yaro suka riƙa fitowa.

Mun wuce Matamaye ba mu kai Kance ba motar ta yi tari. Sau ɗaya, kamar an riƙe mata numfashi an saki. Na yi shiru ina saurare. Can ta sake, sau biyu a jere, salansa ta yi harbi, ƙarfi ya zube daga ƙarƙashin ƙafata. Na taka kuloci na gangara da ita gindin wani gawo. Bayan minti goma na murza, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ba mu yi kilomita uku ba ta sake mutuwa, wannan karon ta ƙi tashi sam.

Muka tura ta gefe, yaron ya karyo ganye ya jera a kan kwalta gaba da baya, na sa dutse a taya. Na shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwa. Ƙarfe uku ta wuce. Abin da ke raina ba motar ba ce, mutumin da ke kwance a Birni ne, wanda ba wanda ya san ko zai kai dare. Na durƙusa na ce, "Inna, bari in tsayar miki da mota ta haya ku wuce ke da yaron nan, ni in na gama in same ku."

Ta dube ni ta ce, "Shekara nawa babanku yana kawo ni a motar nan, bai taɓa sauke ni a hanya ba. Je ka yi aikinka."

Yaron tuni ya ɗauko sukudireba. "Kawu, kafireto ne. Mu kwance mu busa."

Ban ga laifinsa ba, abin da ya saba ji ke nan. Mota ta yi tari, a ce kafireto, a kwance shi a baje a ƙasa, a ɓatar da ɗan sifirin ko a yaga gaskit, a tashi da ciwo biyu maimakon ɗaya. Na faɗa masa abin da Baba ya faɗa mini a ƙarƙashin darbejiya, cewa injin fetur abu uku yake nema, mai da iska da wuta, kuma ba a kwance noti sai an san wanne ne ya ɓace a cikinsu. Tambayar kowanne ba ta cin minti biyar.

Muka fara da mai. Na cire murfin matatar iska, na leƙa maƙogwaron kafireto, na ja totur da hannu. Wani siririn fetur ya yi tsartuwa a ciki, alamar akwai mai a kwanon. Duk da haka zafin ranar ya sa na yi zargin ko fetur ne ke tafasa a cikin bututu, ya zama tururi famfo ya kasa ja, abin da tsofaffin motoci kan yi da bazara. Na jiƙa tsumma na lulluɓe famfon mai, na zare tiyon da ke shiga kafireto na sa bakinsa a gorar roba, yaron ya murza. Fetur ya riƙa zuwa da ƙarfi, bul-bul, fari tas ba ruwa ba datti. Na mayar na ɗaure, na goge wanda ya zuba, na jira ya bushe sarai, domin gwajin da ke biye na tartsatsi ne. Matatar iska kuwa jiya na kakkaɓe ta. Saura wuta.

Na zare babbar wayar da ta fito daga kwayil zuwa tsakiyar distiributa, na riƙe ta da filaya mai hannun roba, na kusantar da bakinta jikin inji har ya rage kamar kaurin fensir. Yaron ya murza. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana tsalle da ƙara kamar an karya tsinke. Wannan kuwa ja-ja ce, siririya, ta zo sau ɗaya ta ɓace sau biyu.

Muna cikin haka wani dattijo ya iso a kan keke, ya jingine shi, ya yi mana sallama. Ya fara zuwa ya gaida Inna, ya tambaye ta gajiyar hanya da mutanen gida, sannan ya zo ya tsaya a gefena ya haɗa hannuwa a baya. Bai taɓa komai ba. Ya daɗe yana kallon injin kafin ya ce, "Alhaji, buɗe delko mu gani."

Sai da Inna ta ce daga inda take zaune, "Abin da ke raba wuta yake nufi," sannan na gane distiributa ce. Ashe tsohon direba ne, ya yi shekaru yana jan 504 mai kujera layi uku tsakanin Damagaram da Kano. Mota ɗaya muka sani, ni da sunayen da suka zo ta bakin Ingilishi, shi da waɗanda suka zo ta bakin Faransanci. Fulogina shi ne bujinsa, kwayil ɗina bobin, fambel kurwa, fetur isansi. In magana ta ƙi haɗuwa sai ɗaya ya nuna da yatsa, ɗayan ya gyaɗa kai.

Na ɓalle maƙalai biyun na ɗaga murfin. Babu tsaga a jikinsa, ɗan gawayin tsakiya yana nan da tsawonsa, rota ba ta ƙone ba. Amma da na buɗa bakin kwantak sai gabana ya faɗi. Kwantak ɗin da na sa jiya da dare, wanda bai yi tafiyar wuni ɗaya ba, ya yi baƙi-baƙi da shuɗi, gefe ɗaya ya yi rami, ɗaya ya yi tsini.

"Yaushe ka sa wannan?"

"Jiya, Baba. Shi da kwandansa."

"Na da fa, ciwo suka yi?"

"Lafiyarsu ƙalau."

Bai ƙara magana a kai ba. Ya ce yaron ya kunna makulli, ya karɓi sukudireba ya ɗan buɗa bakin kwantak ɗin. Wata wuta rawaya ta yi fau a tsakani. Ya ce wa yaron, "Ka gani, ɗana? Wutar da ya kamata ta tafi buji, ga ta nan tana ci a gida."

Ga yadda abin yake. Batir bolt 12 kawai yake bayarwa, fulogi kuwa yana bukatar fiye da dubu goma kafin wuta ta tsallaka bakinsa. Kwayil ne ke wannan ninkawa, amma ba ya yi sai an katse masa wutar batir farat ɗaya, kuma aikin kwantak ke nan, buɗewa da rufewa sau dubbai a minti. Duk lokacin da ya buɗe, wutar tana son ta bi shi ta tsallaka. Kwandansa, ɗan abin nan da bai kai babban yatsa ba, ita ke shanye wannan tsallen don yankewar ta zama mai kaifi. In ta yi rauni, wuta ta tsaya tana cin bakin kwantak, abin da ke isa fulogi ya zama saura. Marar kyau kuma takan yi aiki da sanyi, sai ta ɗauki zafi ta saki, ta huce ta dawo. Kwayil mai mutuwa ma yakan yi irin wannan wasa da zafi, amma sabon kwantak da ya ƙone cikin wuni ɗaya ya isa shaida a kan wa ake magana.

Abin da ya fi damuna shi ne na san ƙa'idar. Mota tana lafiya, ka taɓa wani abu, ta fara ciwo, to abin da ka taɓa na ƙarshe shi za ka fara tuhuma, ko da sabo ne fil a kwali. Kasancewarsa sabo ne ya rufe mini ido har na tsaya gwada famfon mai.

Na buɗe but na ɗauko gwangwanin. Takardar jiya tana sama, da rubutuna. A ƙarƙashinta akwai wasu da rubutun Baba, tawadar ta koɗe. Kwandansar da na cire jiya ma shi ya sa ta da hannunsa, ni ban taɓa canja ta ba sai wannan karon. Dattijon ya karɓa ya jujjuya ta a tafin hannu, ya auna nauyinta da ta sabuwar, ya miƙo mini ya ce, "Mayar da abarka."

Sukurorin wurin ƙanana ne ƙwarai, kuma ƙarƙashinmu rairayi ne, in ɗaya ya faɗi sai dai haƙuri. Inna ta miƙo murfin kwanon da ta zubo dambun nama, muka riƙa ajiye su a ciki. Ban sassauta jikin distiributa ba ko kaɗan, don kada taimin, wato saitin lokacin ba da wuta, ya gushe. Na mayar da tsohuwar kwandansa, na tabbatar jikinta ya kama ƙarfe sosai, na mayar da tsohon kwantak bayan na shafe bakinsa sau biyu da ɗan siririn zarto. Ba na sa samfefa a wurin nan, yashinta yakan maƙale ya hana wuta wucewa. Sai saita tazara. Muka sa mota a giya ta huɗu, ni da yaron muka ɗan tura ta gaba, dattijon yana kallo har dugadugin kwantak ya hau kan tudun sandar da ke juyawa, ya ɗaga hannu muka tsaya. Na zura ma'aunin 0.40 na milimita, na matsa har ya riƙa shiga da ɗan ja, na ɗaure, na sake aunawa domin ɗaurewa takan motsa shi. Dattijon ya ce a zamaninsu da bangon kwalin ashana suke aunawa, kuma ba ya nisa da daidai. Na ja farar takarda a tsakanin bakin don ta kwashe maiƙo, na ɗiga giris kamar ƙwayar gero a kan tudun, na mayar da rota da murfi.

Kafin in mayar da babbar waya na ba yaron filayar, na ce shi zai riƙe. Na cire giya na murza. Tas, tas, tas, shuɗiya, har daga kujerar direba ina jin ta. Ya ɗago yana dariya. Muka mayar da waya, murzawa ɗaya ta tashi, ta zauna a silo ba rawa.

Muka yi la'asar tare a gindin gawon. Wasu mata daga ƙauyen da ke kusa sun kawo wa Inna fura da ruwan randa tun muna aiki. Na ciro jaka biyu ta sefa zan ba dattijon, ya janye hannunsa ya ce ai bai yi komai ba, kallo ya yi. Inna ta ƙulla masa goro da dambu a leda, wannan ya karɓa da hannu biyu. Ya ce in mun isa mu gaida mai jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Ban wuce 80 ba daga nan, kunnena yana kan injin. Muka wuce Kance, a Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai muka juya gabas, muka wuce Tirmini rana tana faɗuwa a bayanmu. Ba ta sake tari ba. Da manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, Inna ta ajiye carbi ta gyara mayafi. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 da Faransawa suka mayar da mulki Yamai, kuma in ka shiga Birni ka bi ta gaban fadar Sarki, ka ga gidajen ƙasa masu zane a goshi, za ka san ya ga zamani. Lungun gidan su Inna da kyar yake ɗaukar mota. Na shiga a giya ta ɗaya, ana kiran isha'i.

Mun same shi da rai, an jingina shi da matashi. Inna ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunsa, mu muka gaishe shi muka fito muka bar su. Allah ya ƙara masa wata biyu bayan wannan dare, kuma ta yi su a wurinsa.

Washegari na shiga unguwar Zango wurin masu kayan mota, na yi ta nuni da yatsa har na samo makunnin fanka na hannu da kwandansa tsohuwar ajiya. Ban sa makunnin haka kawai ba. Matar Kawu ta ba mu tukunya da kurfoti, muka rataya shi a cikin ruwa da waya, muka haɗa shi da batir da ɗan ƙwan fitila, muka zauna muna jira. Kafin ruwan ya kai ga tafasa ƙwan ya kama, da muka sauke ya huce ya mutu. Sannan na ɗaura shi, na warware haɗin da na yi a Kwangwalam, na cika ruwa.

Kwandansar da na sayo ban sa ta ba, ta Baba tana nan a inda take. Na ba yaron takarda da biro, ya naɗe sabuwar, ya tambaye ni me zai rubuta. Na ce ya sa kwanan wata, ya sa Damagaram, ya ƙara da cewa ba a gwada ta ba tukuna. Ya rubuta, ya jefa a gwangwani, ya danne murfin da tafin hannu.